Sanduna Cike a Waya, Hoto Ya Tsaya Cak: Abin da Ke Karya Watsa Shiri Kai-tsaye a Kan Hanya

Wayar tana maƙale a gilashin gaba, ina zaune a gefen direba ina yi wa masu kallo bayani, sai motar ta gangara wani kwari mai bishiyoyi dama da hagu. A saman fuskar wayar sanduna uku suna nan daram, ga alamar 4G kusa da su. Amma ƙaramar lambar da manhajar ke nunawa a kusurwa, wadda ke faɗin yawan bayanan da ke fita a kowane sakan, ta soma zubewa: daga 3,000 ta koma 1,800, ta sauka 400, daga nan sai sifili. Saƙonni suka yi ta shigowa a jere: "hoto ya tsaya", "ba ma jin komai". Abin da ya tsaya mini a rai ranar shi ne saƙonninsu suna iso ni ba tare da wata matsala ba, nawa ne ba ya fita. A nan duk zancen yake.

Sadarwar waya hanya biyu ce, ta saukowa da ta hawa, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Turken sadarwa yana da wutarsa, yana da manyan eriya a can sama, yana magana da ƙarfin wat goma-goma. Ita kuwa wayar hannu, iyakar abin da aka yarda mata a tsarin 4G na yau da kullum miliwat 200 ne, wato kashi ɗaya cikin biyar na wat guda. Kamar mutum ne a kan tudu riƙe da lasifika, kai kana ƙasa kana mayar masa da amsa da muryarka kawai. Kana jin sa rangaɗau, shi kuwa da ƙyar yake tsintar abin da kake faɗa. Sandunan da ke saman waya suna auna yadda kake jin mai lasifikar ne. Ba su faɗa maka ko shi yana jin ka. Ba ma wata ƙa'ida guda da ta tsara ma'anarsu. Kowane kamfanin ƙera waya shi ke yanke abin da zai kira sanda uku da abin da zai kira huɗu.

Ga kuma yadda aka raba hanyar tun asali. Mafi yawan masu waya saukewa suke yi: kallon bidiyo, karatu, duba hotuna. Don haka kamfanoni suka fifita saukowa. A yawancin 5G da ke aiki a zangon gigahaz 3.5 (zango shi ne mitar rediyon da saƙo ke bi, kamar mitar tashar rediyo), turke da waya suna amfani da zango ɗaya ne suna yin bi-da-bi, kuma mafi yawan lokacin na turken ne, wayar ɗan ragowa take samu. Shi ya sa za ka gwada gudun intanet ka ga saukewa ta kai ɗaruruwan megabit, hawa kuma tana can ƙasa. Mai watsa shiri kai-tsaye ba ruwansa da lambar farko. Ta biyun ce abincinsa, kuma ita ke fara mutuwa da zarar an yi nisa da turke.

Ko da hawan yana da kyau, ba naka ba ne kai kaɗai. Duk wayoyin da ke ƙarƙashin eriya ɗaya rabon abu ɗaya suke yi. Turken da ke gefen babbar hanya, wanda aka kafa don 'yan gidajen da ke kusa da motoci masu wucewa, in aka samu cunkoso motoci suka tsaya cirko-cirko, kowa ya zaro waya, sai ka ga sanduna cike amma ko hoto ɗaya ya ƙi tafiya. Shi kansa turken yana da igiyar da ta haɗa shi da sauran duniya, ko zaren fayiba ko wata eriya mai kama da faranti da ke harba saƙo zuwa turke na gaba. In wannan ta yi ƙunci, ko wutar wurin ta ɗauke, babu alamar da za ta fito a wayarka ta gargaɗe ka.

Sai maganar taswira, wadda nake ganin ita ta fi yaudarar mai shirin tafiya. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, ta ce a rahotonta na 2024 kusan kashi 96 cikin 100 na mutanen duniya suna zaune ne a inda sabis ɗin intanet na waya ya kai. Adadi ne mai daɗin ji, amma a lura da abin da aka ƙirga: mutane a inda suke kwana. Ba a ƙirga faɗin ƙasa ba, balle tsawon hanyoyi. Kamfani yana kafa turke inda zai samu masu amfani da shi, ita kuwa hanya aikinta ke nan ta ratsa inda babu kowa don ta haɗa wuraren da ke da mutane. Tsakanin gari da gari ne sabis ya fi rauni, kuma a nan matafiyi ke shafe mafi yawan lokacinsa.

Launukan da ake shafawa a taswirar sabis ba daga awo na zahiri aka samo yawancinsu ba. Kwamfuta ce ake ba wa wurin da turke yake, da tsawonsa, da ƙarfinsa, da yanayin ƙasa, ta yi hasashen inda saƙo zai kai. A Disamba 2019 ma'aikatan hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, suka fitar da rahoto bayan sun yi tuƙin kusan mil 10,000 suna gwada taswirar wasu manyan kamfanoni. Kusan kashi 62 cikin 100 na gwaje-gwajen ne kawai suka kai gudun da taswirar ta nuna za a samu. Wannan ma gudun saukewa aka auna, ɓangaren da ya fi ƙarfi. Taswirorin da aka gina da awon wayoyin jama'a, irin na nPerf da Opensignal da CellMapper, sun fi kusa da gaskiya, sai dai su ma inda mutane suka fi bi nan suka fi cika.

Nisan da saƙo ke kaiwa ya danganta da zangon da ake amfani da shi. Ƙananan zanguna, megahaz 700 da 800 da 900, suna cin nisa, suna ratsa ganye da bango, suna ɗan kewaya tudu, amma ba su da faɗin ɗaukar kaya da yawa. Manyan zanguna, 1,800 da 2,100 da 2,600 zuwa sama, suna ɗaukar kaya sosai amma ba su da juriyar tafiya. Da ka bar gari wayarka takan koma ƙaramin zango ba tare da ta sanar da kai ba, alamar 4G ba ta canza ba, amma hanyar ta tsuke. In wayar ba ta ma ɗauke da zangon da kamfanin ke amfani da shi a karkara, wanda yakan faru da wayoyin da aka ƙera don wata nahiya dabam, to abokin tafiyarka zai samu sabis kai ka rasa, alhali layinku ɗaya.

Mutane da dama suna ɗora laifin a kan gudun mota. Gudun kansa ba shi ne babbar matsala ba, domin an tsara 4G ta iya riƙe waya har a jirgin ƙasa mai gudun kilomita 350 a awa. Abin da gudu ke jawowa shi ne yawan sauya turke. Motar da ke tafiyar kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 kowane sakan. Wayar tana ta auna turakun da ke kewaye, tana kai rahoto, turken da ke riƙe da ita ya miƙa ta ga na gaba. In komai ya tafi daidai, miƙawar ba ta kai ƙiftawar ido, ba wanda zai lura. Amma tana faruwa ne a wuri mafi muni, bakin iyakar turke biyu, inda na baya ya yi rauni, na gaba bai yi ƙarfi ba, kuma kowanne yana yi wa ɗan'uwansa hayaniya. In umarnin miƙawa ya ɓace a hanya, wayar sai ta saki layin gaba ɗaya ta sake nema daga farko, abin da kan ci sakanni. Wani lokaci ta faɗa 3G ko ma 2G, ka ga harafin E ya fito, ta kuma lafe a can ko bayan 4G ya dawo. Mai karanta labari ba zai ji komai ba. Mai watsa bidiyo kuwa ya riga ya yanke. A wannan gudun, gurbin da ba sabis mai tsawon rabin kilomita yana nufin sakan 18 na shiru, na kilomita 2 kuma ya haura minti ɗaya.

Ita ma motar tana da nata. Akwatin ƙarfe ce, ƙarfe kuma yana tare saƙon rediyo. Ta gilashi yake samun shiga, wasu gilasan masu hana zafi ma da ɗan sinadarin ƙarfe a jikinsu. Eriya a kan rufin mota, haɗe da na'urar rarraba intanet mai ɗaukar sim, ta fi wayar da ke ajiye a cinya nesa ba kusa ba. Sannan ga zafi. Waya a gilashin gaba rana na dukanta, kyamara a kunne, tana matse bidiyo, tana harba saƙo da iyakar ƙarfinta saboda turke ya yi nisa, ga caji a jiki. Apple ya rubuta cewa an yi iPhone don aiki tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Salshiyas. In ta wuce kima takan rage wa kanta aiki, fuska ta dushe, hoto ya fara tsalle, kai kuma ka zaci sabis ne. Na sha ganin an cire rigar waya, an juya iskar na'urar sanyaya mota ta bugo ta, hoton ya daidaita nan take.

To shi bidiyon me yake nema? Hoto mai matsakaicin inganci, wato 720p, yana bukatar wajen megabit 2.5 zuwa 4 a sakan, mai 1080p da ya fi shi fitowa tas kuma 5 ko 6 zuwa sama. Waɗannan ba manyan lambobi ba ne. Wahalar ita ce ana son su kowane sakan, babu fashi. Hanyar da ke ba da megabit 20 na minti tara ta ba da sifili na minti ɗaya, in aka yi lissafi matsakaicinta 18 ne, amma ta gaza wadda ke ba da 3 a tsaye ba motsi. Shiri kai-tsaye da mafi munin wurin da aka ratsa ake auna shi. Data kuma tana tafiya: megabit 3 a sakan ya kai gigabayit 1.35 a awa guda, kuma wasu tsare-tsaren da ake kira marasa iyaka suna rage gudu in an kai wani adadi.

Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba, wanda ya sa ɗaukar hoto daga mota ya fi cin data. Ba kowane hoto ake aikawa cikakke ba. Akan aika cikakke ɗaya, galibi kowane sakan biyu, tsakaninsu kuma sai a aika abin da ya canza kawai. Mutum zaune a ɗaki yana magana, bango bai motsa ba, labule bai motsa ba, leɓe da ido ne kaɗai ke aiki, don haka abin aikawa kaɗan ne. Juya kyamara ta tagar mota mai gudu: ciyawa, ganye, tsakuwa, inuwa, komai na canzawa a kowane hoto. A megabit ɗin da fuskar mutum ta fito tas, gefen hanya sai ya koma dunƙule-dunƙule. In sabis ya fara rauni, juyo da kyamara cikin mota ko kan fuskar mai magana yana sauƙaƙa wa layin nauyi a take. Tsarin matse bidiyo na H.265, wanda aka kammala a 2013, ya fi H.264 na 2003 tattali, yana iya ba da kusan irin ingancin da ƙarancin data sosai, in dai inda ake aikawa yana karɓarsa.

Hanyar da bidiyon ke bi ya fita ita ma da sauƙi ake mantawa da ita. Yawancin manyan dandamalin watsa bidiyo da RTMP suke karɓa, tsohon tsarin aika bidiyo ne da aka gada daga zamanin Flash, tsohuwar manhajar kunna bidiyo a intanet, kuma a kan TCP yake tafiya, wato ƙa'idar da intanet ke bi wajen isar da bayanai. Ɗabi'ar TCP ita ce komai ya iso a jere, ba a tsallake ko ɗaya. In ƙullin bayani ɗaya ya ɓace, duk na bayansa sai su tsaya jiransa, sannan ya rage gudu don yana zaton hanya ce ta cushe. A layin gida wannan hankali ne. A mota, inda ɓacewar ƙulli ruwan dare ce, sai kaya su taru a wayar har manhajar ta fara zubar da hotuna ko ta katse. Wani tsarin aika bidiyo mai suna SRT, wanda kamfanin Haivision ya saki ga kowa a 2017, an yi shi ne don irin wannan hanya mai gargada. Kai za ka faɗa masa jinkirin da ka yarda da shi, a ce sakan 3 ko 5. A cikin wannan tazarar yana sake neman duk abin da ya ɓace. Wanda bai iso a kan lokaci ba ya bar shi ya ci gaba. Manhajoji irin su Larix Broadcaster suna aiki da shi, suna kuma iya rage ingancin hoto da kansu in hanya ta tsuke, su mayar in ta buɗe.

Ni a ganina jinkirin nan shi ne abu mafi araha da mai watsawa zai saya, kuma shi mutane suka fi ƙi. Kowa yana son ya faɗi magana mai kallo ya ji a take. Amma mai kallo bai san ko abin da yake gani ya faru sakan biyar da suka wuce ba, kuma bai damu ba. Abin da ke korar sa shi ne hoton da ya daskare, musamman murya da ke yankewa. Mutane suna haƙuri da hoto mai hazo muddin suna jin magana, murya kuwa kilobit 64 zuwa 128 kawai take ci. Duk tsarin da za a yi, a sa murya ta zama ta ƙarshen mutuwa.

Jinkiri yana cike ƙaramin gurbi ne kawai. Babban gurbi sai da layi na biyu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jakunkunan da 'yan jarida ke goyawa, na kamfanoni irin su LiveU da TVU da Dejero, suna ɗauke da sim da yawa na kamfanoni dabam-dabam. Suna yayyanka bidiyon suna rarraba shi a kan layukan gwargwadon ƙarfin kowanne a wannan sakan, wata kwamfuta a can ta sake haɗa shi. Layi ɗaya ya faɗi, sauran su ɗauki kayansa. Akwai manhajoji irin su Speedify da ke yin makamancin haka da waya da wata na'urar a gefe. Sai dai a kula da abu biyu. Wayar da ke da sim biyu, galibi ɗaya ne ke ɗaukar data a lokaci guda, kuma in ta sauya daga wannan zuwa wancan adireshinta na intanet ya canza, shirin ya yanke ke nan. Na biyu, sim biyu ba lallai su zama hanya biyu ba. Wasu ƙananan kamfanoni hayar turakun babban kamfani suke yi, wasu manyan ma a ƙarfe ɗaya suke rataye eriyoyinsu. Tudun da ya tare ɗaya ya tare duka.

Dabarar da masu yawon watsa shiri suka fi dogara da ita ba ta hana yankewa, ɓoye ta take yi. Maimakon waya ta aika kai-tsaye zuwa dandamali, sai ta aika wa wata kwamfuta mai tsayayyen layi, a gida ko wadda aka yi haya a intanet, mai ɗauke da manhaja irin OBS. Ita ce ke riƙe da shirin. In wayar ta ɓace, kwamfutar ta sa wani allo mai cewa ana dawowa, ko wani bidiyo da aka tanada, har wayar ta dawo. A wurin dandamali shirin bai taɓa tsayawa ba, don haka ba a rufe shi ba, masu kallo ba su watse suna neman sabon adireshi ba.

Inda babu turke kwata-kwata, sai a ɗaga kai sama. Tsofaffin taurarin ɗan'adam na sadarwa suna can a tsayin kilomita 35,786, saƙo kan ɗauki fiye da rabin sakan ya je ya dawo. Na Starlink suna shawagi a wajen kilomita 550, jinkirinsu bai wuce na layin waya ba sosai, kuma akwai farantan da ake ɗorawa a rufin mota. Amma sararin sama suke so a buɗe: gada, ramin da aka fasa cikin dutse, bishiyoyi masu rufe hanya, dogayen gine-gine, duk suna yanke su, kuma ba kowace ƙasa ta ba da izinin amfani da su ba. Abin sha'awa shi ne inda tauraro ke gazawa, cikin gari da ƙarƙashin gini, nan sabis ɗin waya ya fi ƙarfi, shi ya sa haɗa su biyun ya fi sim uku na waya amfani a doguwar tafiya. Masu watsa tseren kekuna na Tour de France a Faransa, waɗanda ke bin hanyar duwatsu na awanni, nasu tsarin suke tafiya da shi: kyamarorin da ke kan babura suna harba hoto sama zuwa jiragen da ke shawagi a kansu, su kuma su miƙa wa tashoshin karɓa a ƙasa.

Mai kallo daga cikin mota lamarinsa ya fi sauƙi. Ɓangaren saukowa yake amfani da shi, kuma manhaja tana rage ingancin hoto da kanta. Bambancin kawai shi ne bidiyon da aka riga aka ɗora ana iya tara shi gaba, na kai-tsaye kuwa ba a iya tara abin da bai faru ba tukuna. Ja da baya da rabin minti daga kai-tsayen, a saukar da inganci zuwa 480p, yawanci ya wadatar.

In shirin yana da muhimmanci, babu abin da ya kai a bi hanyar tun kafin ranar, a irin lokacin da za a yi shi, da irin kayan da za a yi amfani da su, ana watsawa a ɓoye ana rubuta inda lambar ta faɗi. Daga nan a zaɓi megabit ɗin da bai wuce rabin abin da hanyar ke bayarwa a wurare masu rauni ba, a ajiye muhimmiyar magana sai an zo inda aka san sabis na da ƙarfi, ko a faka a yi ta. A kunna naɗa a cikin wayar kanta, domin abin da bai fita ba ya samu inda zai zauna. Duk wannan aikin wanda ke zaune a gefe ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya ninka wanda ba ya yi kusan sau huɗu wajen yiwuwar yin haɗari, kuma karanta saƙonnin masu kallo ya fi amsa kira ɗauke ido daga hanya. Wanda yake shi kaɗai a mota, ya saita komai kafin ya tayar, ya juya fuskar wayar inda ba zai gan ta ba, in hoton ya tsaya ya bar shi a tsaye har ya samu wurin fakawa.